Ranar da Toka Ta Sauka a Gida Ɗaya

Tetsuzo ya tsufa yana zagin dutsen Sakurajima, dutse mai aman wuta da toka da ke tsakiyar tsibirinsu. Ya zage shi a kan wanki, ya zage shi a kan gilashin mota, ya zage shi a kan tokar da ke shiga har cikin tukunyar shinkafa. Sai ga shi a makon nan yana fitowa ƙofar masaukin baƙinsa da sassafe, yana lallashin dutsen kamar mai jiran jariri ya yi gyatsa. Dutse kuwa ya yi gum, ko hayaƙin kirki babu.

Baƙi ne suka jawo haka. 'Yarsa Chiharu, wadda ke aure can arewa a Aomori, tana so ta dawo tsibirin da mijinta da 'yarsu Kanna, su karɓi masaukin. Mijin ya yarda, amma ya ce sai iyayensa sun zo sun ga wurin da idonsu. Tetsuzo bai taɓa son wani abu a duniya kamar jin gudun jikarsa a tsakar gidan nan ba, don haka ya ɗauki zuwan surukan kamar jarrabawa.

Uban mijin, Kudo, tsohon malamin makaranta, ya sauko daga jirgin fito da kyamara a wuya da sabuwar lema a hannu, wadda ya saya musamman don toka. Matarsa Toshie na biye da shi, ba ta cika magana ba, sai kallo. Tetsuzo ya dube su sau ɗaya ya gama lissafi: namijin ne mai yanke magana, shi za a faranta wa. Mutumin da matarsa Fusae ke zaɓa masa har safar da zai sa, wai shi ne masanin yadda gidaje ke tafiya.

Ya kai su ƙofar wani tsohon wurin ibada da toka ta binne sai kanta, ya kai su inda ake tsoma ƙafa a ruwan zafi, ya ciyar da su lemun tsibirin har suka gaji da ɓarewa. Kudo dai idonsa na kan dutse.

"Suruki, wai yaushe zai yi ne?"

"Ai kullum yake yi. Yau ɗin ce ban san abin da ya same shi ba."

"Jiya ma haka ka ce."

"Kunya yake ji," in ji Tetsuzo. "Bai saba da manyan baƙi ba."

Kudo ya yi dariya, amma dariyar mutumin da ya sha doguwar hanya da lema bai buɗe ta ba. Wannan dariya ta tsaya wa Tetsuzo a rai.

Ranar tafiyarsu, gari na fara haske, ya zagaya bayan gida inda ledojin tokar da aka share suke jiran motar kwashewa. Ya ɗauki ɗaya, ya leƙa kicin ya ɗauko rariyar Fusae, ya hau tsani da gwiwoyinsa masu ƙara. Daga kan rufi ya tankaɗe toka a tsakar gida, da kan mota, da bakin tagar baƙi, a hankali, daidai wa daida, irin aikin da bai taɓa yi wa girki ba. Da ya sauko ya dubi abin da ya yi, har ya ji dutsen ma bai fi shi iyawa ba.

Kudo ya fito ya kurma ihu kamar yaro. Ya buɗe lemarsa a ƙarƙashin sama garau, ya tsuguna yana ɗibar toka a kwalba, yana ɗaukar hoto. Tetsuzo na gefe yana gyaɗa kai, wai shi mai dutse.

Toshie ta shafa yatsa a bakin taga, ta duba yatsan, ta ɗaga kai ta dubi dutsen.

"Ko tari bai yi ba, amma toka har bakin tagar ɗakin kwana," ta ce. "To ranar da ya yi fa? Kanna da ƙirjinta ke toshewa duk lokacin sanyi, wannan za ta riƙa shaƙa? Maigida, naɗe lemar nan. Muna shiga jirgi zan kira ɗanka."

"To," in ji Kudo, ya naɗe lema.

Wannan "to" Tetsuzo ya san ta sarai, don ita yake faɗa tun ranar da ya yi aure. Ya san da ciwon ƙirjin Kanna, shi ya aika mata zuma bara, amma son burge mai kyamara ya rufe masa ido.

Sai ga kan maƙwabciyarsu, tsohuwa Shizu, ta saman shinge.

"Tetsu, wane irin dutse ne wannan da ya san iyakar gidanka? Ni wankina ko ɗigo bai samu ba."

Kafin ya nemo amsa, Fusae ta fito tana goge hannu, ta ɗaga kai sama.

"Baban Chiharu, me rariyata take yi a kan rufi?"

Babu sauran wurin ɓuya. Tetsuzo ya tsaya gaban Toshie, ya sunkuya har bayansa ya yi ƙara, toka na zubowa daga gashin kansa.

"Suruka, ba dutsen ba ne, ni ne. Na ga maigida ya zo da lema, ban so ya koma da ita a naɗe ba. Don girman Allah kada wautar tsoho ta hana yarinya zuwa."

Kudo ya dubi kwalbarsa kamar zai yi kuka.

"Tokar gaskiya ce," Tetsuzo ya ce da sauri. "Ta watan jiya ce kawai."

"Rufe bakinka," in ji Fusae.

Toshie ba ta yi dariya ba. Ta ce ta zo ne ta ga yadda wurin yake, an nuna mata wasa, yanzu ba ta san abin da za ta gaskata ba. Za ta dawo ita kaɗai lokacin da dutsen ke yi da gaske, ta zauna ta gani, sannan ta yi magana. Kafin nan Kanna ba ta zuwa ko'ina.

Bayan jirgin ya tashi da su, suna shiga gida waya ta fara ƙara. Fusae ta duba.

"Chiharu ce. Tun safe take jira ta ji sun amince."

"Ɗauka mana, ke kin fi ni iya magana da ita."

"Kai ka tankaɗe, kai za ka gaya mata."

Ya goge hannunsa a wando, ya karɓi wayar. Tun kafin ya kai ta kunne yake jin muryar Kanna tana cewa a ba ta ta gaisa da kaka.