Danna Ɗaya In Kana Lafiya

A hukumar jin daɗin jama'a ba mai kiranta da sunanta. Tun da aka ɗora mata aikin rubuta tsarin fasahar da hukumar za ta bi a shekaru masu zuwa, daga masinja har Darakta, kowa Mai Tsari yake ce mata. Da farko takan ji kunya, ta sunkuyar da kai. Daga baya sunan ya soma yi mata daɗi.

Ginshiƙin tsarin nata na'urar kira ce. Kowace safiya na'urar za ta buga wa tsofaffin da ke zaune su kaɗai, waɗanda hukumar ke kula da su. Wata murya mai taushi za ta gaishe su, sannan ta ce, “In kana lafiya, danna ɗaya. In kana buƙatar taimako, danna biyu.” A bangon ofis an kafa babban allo. Wanda ya danna ɗaya, ɗigonsa ya yi kore. Wanda ya danna biyu, ya yi ja, a tura masa ma'aikaci. In kwamitin gudanarwa ya amince da tsarin ranar Litinin, za a rufe sashen ziyara, wato masu bin tsofaffi gida-gida suna duba su, a mayar da su kan tebur suna amsa waya.

An yi gwaji a wasu unguwanni, aka dakatar da ziyara a can. Allon ya yi kore shar, har Injiniyan da ya haɗa na'urar yana cewa shi bai taɓa ganin tsofaffi masu ƙoshin lafiya irin waɗannan ba.

Cikin ɗigogin nan akwai na kawunta, tsohon direban bas, wanda ya riƙe ta tun rasuwar mahaifiyarta. Da hannunta ta sa shi cikin gwajin. Kullum ta shigo ofis, kafin ta ajiye jaka sai ta nemi ɗigonsa, ta gan shi kore, hankalinta ya kwanta. Da haka zuwa gidansa ya ja baya ba tare da ta lura ba.

Ranar Asabar da hantsi ta ce bari dai ta leƙa shi, ta nemi addu'arsa kafin zaman Litinin. Ta ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinsa. Kawu mutum ne da ba ya bari baƙo ya buɗe wa kansa ƙofa, amma ran nan daga ciki ya amsa.

“Turo, Auta, a buɗe take.”

Ta same shi kishingiɗe a kan gado, rediyo na ta surutu a gefen matashinsa.

“A'a, manyan gwamnati! Yau an tuna da talakawa?”

“Kai, Kawu. Ai kullum ina ganinka a allo.”

“To, ina fata dai ina yin kyau a ciki.”

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Bokitin ruwansa a bushe yake. Kwanuka sun taru a ƙarƙashin kujera, ƙudaje na bin su. Ga zafi ana yi, shi kuwa ya lulluɓe ƙafafunsa da bargo. Sannan akwai wani wari a ɗakin, mai nauyi, wanda ba na kwanukan ba ne.

“Kawu, sanyi kake ji?”

“Tsufa ne. Zauna mana, kin tsaya mini a kai kamar mai karɓar tikiti.”

Ba ta zauna ba. Ta kama bakin bargon ta yaye. Ƙafarsa ta dama ta kumbura har ƙauri, yatsun sun yi baƙi, an ɗaure tafin da tsohuwar singileti da ta jiƙe.

“Yaushe wannan ya fara?”

“Ƙusa na taka, 'yar mitsitsiya. An ɗan kwana biyu.”

“Kawu, kana da ciwon suga fa! Me ya hana ka danna biyu?”

Ya dube ta kamar ita ce ta faɗi abin kunya.

“Yarinya ta kira ni da sassafe, ta gaishe ni cikin ladabi, sai in tare ta da ruɓaɓɓiyar ƙafa? Haka na koya miki?”

“Ba mutum ba ce, Kawu. Na'ura ce.”

“Na sani, ai ban haukace ba. Amma in na danna biyun, ina zai fito? A ofishinku. A ce kawun Mai Tsari ne ya fara ɓata mata allo. Kuma biyun nan na waɗanda abin ya kai musu wuya ne. Ni kuwa har yanzu ina jan jiki zuwa banɗaki.”

Ta fita ta tsayar da tasi, ita da direban suka ciccibe shi, yana ta ba direban haƙuri saboda kujerar motarsa.

A asibiti likita ya duba ƙafar, ya ja ta gefe. Ya ce yatsun kam ba za su tsira ba. Sauran ƙafar kuma sai an ga yadda magani ya karɓe shi.

Washegari, maimakon ta zauna bitar jawabinta, ta shiga unguwar gwajin tana sallama a ƙofofin da allo ya ce lafiya lau suke. Wasu lafiyar suke da gaske. Amma ta sami wata tsohuwa da maganinta na hawan jini ya ƙare tuntuni, ta ce ita ba ta saba kai kuka wurin wanda ba ta ga fuskarsa ba. Wani dattijo kuma ya ce danna biyu ai roƙo ne, shi kuwa bai taɓa roƙo ba. Daga nan ta koma asibiti wurin Kawu.

Ranar Litinin ta shiga ofishin Darakta kafin a fara zama.

“Ranka ya daɗe, akwai matsala a gwajin.”

“Injiniya ya ce mini komai kore ne.”

“Ita ce matsalar, ranka ya daɗe.”

Ta ba shi labari. Ya saurara yana juya biro a hannu, ya yi wa Kawu addu'ar samun sauƙi, kuma ta ga da gaske yake. Sannan ya gyara zama.

“Ki saurare ni, 'yata. An riga an aika wa ma'aikatar da ke samanmu kwafin tsarin nan, an yabe mu. Ma'aikatan ziyara ba su isa ba, ke kika rubuta haka, kuma gaskiya kika rubuta. Ki gabatar da shi yadda yake. Gyara sai a yi a zango na biyu.”

“Kafin zango na biyun fa?”

“Lokaci ya yi. Mu je.”

Ɗakin taron ya yi sanyi ƙalau. 'Yan kwamiti sun jeru, Shugabar kwamitin a tsakiya, tabarau a ƙarshen hanci. Mai Tsari ta fara jawabi. Ta yi bayanin sababbin kwamfutoci, da haɗa bayanan rassa wuri guda, da horar da ma'aikata, ana ta gyaɗa kai. Da ta iso shafin rufe sashen ziyara, hoton allon nan kore ya fito a bango, wani ma har ya fara tafi. Ta dubi Darakta, ya yi mata alama da ido ta ci gaba. Ta juya wajen Shugabar.

“Ranki ya daɗe, wannan shafin ba daidai ba ne. Ni na rubuta shi, kuma ina roƙo a cire shi.”

Ta faɗa musu abin da ta gani, ba ta ɓoye cewa kawunta ne ba. Ta ce na'urar ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba, abin da aka danna shi take nunawa. Tsofaffin ne ba sa kai ƙarar jikinsu, sai wanda ya shiga ɗakinsu ya ga bokitin ruwansu ne zai gane halin da suke ciki.

Injiniya ya ɗaga hannu. “Ranki ya daɗe, abu mai sauƙi ne. Sai a ƙara lamba uku, ta masu cewa da sauƙi.”

Wasu suka yi dariya. Shugaba ba ta yi ba.

“Ke yanzu me kike so?”

“A bar kiran, yana da amfani. Amma kada a rufe ziyara.”

“Kin san an riga an karɓe motocin sashen?”

“Na sani, ranki ya daɗe.”

Aka yi ta ja-in-ja har azahar ta gota. A ƙarshe kwamiti ya amince da sauran tsarin, ya jingine batun rufe sashen zuwa zama na gaba, in an kawo hujjar da ta fi labarin gida uku. Motoci kuwa ba wanda ya ce a dawo da su.

A baranda Darakta ya tsayar da ita. Bai ɗaga murya ba.

“Kin tsinka ni a gaban mutane. Tunda ƙofofin jama'a kike so, daga gobe kina sashen ziyara. Injiniya zai riƙe tsarin. Ki nemo musu hujjar, in kin iya.”

Ta ce to, ta wuce.

Sashen ziyara yana can ƙasa, kusa da sito. Ta tarar an kife rabin kujerun a kan tebura, an ɗaure fayil-fayil da igiya don kwashewa. Shugabar sashen, wata doguwar mata da kowa ke kira Anti, tana zaune tana fifita da kwali. Tun da aka fara zancen rufe musu sashe ba ta ƙara amsa gaisuwar Mai Tsari da fara'a ba.

“Yau kuma me aka zo aunawa? Tagogin?”

“An turo ni nan, Anti. Ba a rufe ba tukuna.”

Anti ta daina fifita. Ta dube ta daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya a kan takalmanta masu tsini.

“Sauke kujera ɗaya ki zauna. Unguwar bayan tasha za mu fara gobe, kuma a ƙafa. Ki nemo wasu takalman.”