Abin da Ba a Rubuta a Fom ɗin Rafia Ba

…kuma bencin nan ma, kamar don azabtar da masu jinya aka ƙera shi. Tun hantsi nake kansa. Bayana, ƙafafuna — bari dai, wa ya tambaye ni? Rafia ce a ciki, ɗaya daga cikin yarana na sikawut, an ɗaura mata ruwa, leda ta uku ke nan. Shekararta goma sha biyu. Jiya kuka take, ƙashina, ƙashina… yau ko kukan ba ta da ƙarfinsa.

Bayan la'asar kwamiti zai zauna a makarantarmu ta unguwar Alabar. Korar Kassim, mataimakina mai horar da yaran, za su yi daga sikawut. Malam Gausu, shugaban kwamitin, ya riga ya yanke hukunci a waya: yaron nan ba shi da imani, ya sa 'yar mutane fareti cikin ruwan sama har ta faɗi. Ki zo ki ba da shaida, Madam Zaratu, tunda ke ce shugabarsu. Shaida… ni?

Sikila gare ta. Kassim bai sani ba, kwamiti bai sani ba. Ni na sani.

Kuma ni ce na kawo fom ɗin rajistar nan Zango, ni uwar iyayi. Gida-gida na bi, ina cewa zamani ya canza, ba a karɓar yaro da ka. Layi na shida: shin yaro yana da wata rashin lafiya? Hawa'u, uwar Rafia, ta bar shi fari. Ta ja ni bayan rumfar kokonta, ta riƙe gefen mayafina —

"Madam, yarinyan na da sikila. Amma na roƙe ki da Allah, kar ya shiga takarda. Kin san Zango, bakin mutane paa, ba ya rufuwa. Gobe wa zai zo nemanta? Har ƙannenta ma."

Na ce to. Me zan ce? An ba ki amana da sunan Allah, a unguwar da in kika yi tari a Alabar sai an yi miki sannu a Moshi Zango.

Sai na yi dabara. Ni mai wayo. Kowace Asabar Rafia ce mai gadin jakunkuna, a inuwa, da gorar ruwa a gefenta. Wata takwas ina haka, ba wanda ya gane. Asabar ɗaya tak — sunan jikar yayata, na ce in leƙa in fito, minti talatin. Ana leƙa suna a Zango a fito? Ga mai hoto, ga tuwo, ga ki tsaya a yi addu'a…

Shi kuma Kassim ya ga yarinya kullum a zaune, sauran suna yi mata dariya, 'yar lelen Madam. Tausayinta ma ya ji. Ya ce ta shiga layi. Ta shiga da murna, an ce har tsalle ta yi. Hadari ya taso, ya ce sikawut ba ya gudun ruwa. Wa ya koya masa wannan maganar? Ni. Yana ɗan shekara goma na koya masa.

Shi ya goyo ta har bakin titi, ba takalmi. Yanzu yana can waje, bakin ƙofar asibiti, tun safe. Ya kasa shigowa, ya kasa tafiya. Mutumin da ke rufe shagon ɗinkinsa kowace Asabar saboda 'ya'yan wasu… yau mugu ake kiransa har a trotro, motar haya. Iyaye tara sun janye yaransu. Ɗazu ya turo saƙo: Madam, ki yafe ni. Ni zan yafe shi?

Na gaji. Wallahi na gaji. Shekara goma sha bakwai ina ƙirga kawuna, a shiga mota a ƙirga, a fito a ƙirga, ban taɓa ɓatar da ko ɗaya ba. Ashe ba a nan abin yake ba.

In na faɗa — ɗaki cike da dattawa, kowane da matarsa a gida. Kafin magariba Zango duk ta ji, kuma Rafia ce za ta ɗauki sunan har ta girma. In ban faɗa ba, Kassim ya tafi da baƙin jini a kan laifina.

Ga Hawa'u ta fito. Idonta ya kumbura. Ta zauna, ta kama hannuna.

"Likita ya ce da sauƙi. Madam, kin riƙe amana, Allah ya rufa miki asiri. Shi Kassim namiji ne, zai wuce."

Zai wuce… To Rafia fa? Za ta warke, za ta ce sai ta koma fili, na san ta. Wani sabo zai riƙe usur, shi ma bai sani ba. Ruwa zai sake zuwa. Ni kuma ba kullum nake nan ba — ba ga shi na gani ba? Wa na kare da shirun nan, wa?

Ana kiran la'asar. Ya kamata in tashi. Hawa'u ba ta saki hannuna ba, sai sa mini albarka take yi, ni kuma na kasa cewa amin.