Rariya a Kan Garwashi

Tun watan Agusta na gane Mama ta daina jin ƙamshi. Madara ta ɗora, ta ƙone ƙurmus har hayaƙi ya kai tsakar gida, ita kuwa tana zaune taku biyu daga murhun, tana ɓare tafarnuwa hankalinta kwance. Na sauke tukunyar na wanke. Wa ya isa ya gaya wa Mama Sagrario, mai shekara tamanin da huɗu, cewa hancinta ya mutu? Matar da a da har daga ƙauyukan maƙwabta na yankin La Mancha, nan ƙasar Sifen, ake kawo mata za'afaran ta gasa, don hancin nan bai taɓa yi mata ƙarya ba.

Ni ce Nieves, autarta, shekarata hamsin da biyu. Tsinkar furen za'afaran na iya ta tun ina 'yar shekara shida, cire zaren nan ja guda uku daga cikin furen kuwa ko ido rufe zan yi. Amma ban taɓa ko riƙe rariyar da ake gasa zaren a kai ba. Da an gama cirewa sai ta kwashi zaren ta shige kicin ta ja ƙofa. "Ke da ƙwai ma sai kin ƙona shi," haka take ce mini. Na yi fushin har na gaji, na bar ta da abinta, ina cewa ai akwai lokaci.

Ashe babu. Albasar furen ta cika shekara huɗu a ƙasa, dole a tone ta bana, yayana Eusebio kuma gwiwoyinsa sun ƙi. Ya riga ya ba wani mutum gonar zai dasa zaitun, har an kafa turaku a gefen yamma. Mama ba ta sani ba. Idonta ya yi yana, ba ta ƙara zuwa gona, mu kuma kullum sai mu ce gobe za a gaya mata.

Ruwa ya makara bana, furen ya riƙa fitowa tsilla-tsilla. Ɗan abin da muka samu a kwanakin farko ta gasa shi ita kaɗai, ya fito da duhu-duhu, ta ce laifin gawayi ne. Sai ana saura kwana biyu ranar ziyarar kaburbura, muka isa gona da sassafe muka tarar ta yafa mayafi, yadda muke cewa idan furen ya buɗe gaba ɗaya. Daga wannan gefe zuwa wancan shunayya ce zalla, ko ƙasa ba a gani.

"Wayyo bayana," in ji Eusebio. "Da ma ni yake jira."

"Sunkuya, Yaya. Rana ba za ta jira gwiwarka ba."

"Ke dai bakinki ya fi hannunki sauri tun kina yarinya."

Mu uku ne, har da matarsa Prado. A da mutum ashirin ke cika gonar nan a rana irin wannan. Muka sunkuya, muna tsinka muna jefawa a kwando, raɓa ta jiƙe mu har gwiwa, yatsuna suka sandare. Kafin rana ta ɗaga mun cika kwando bakwai.

Aka zube furen a kan dogon tebur, muka zauna cirewa, don idan ya kwana ya lalace. Ko girki ba a yi ba, burodi da cuku muka ci a tsaye. Mama na can ƙarshen tebur, hannunta na tafiya da kansa, tana zagin Prado wai tana barin farin gindi a jikin zaren. La'asar sakaliya muka gama. Kwando bakwai ya koma farantin tangaran guda, fiye da rabin abin da za mu samu bana ke nan.

Na ce, "Mama, a raba shi biyu mana, a gasa sau biyu."

"Tun kafin a yi cikinki nake gasa irin wannan a rariya ɗaya."

Ta ɗauki farantin ta shige. Na rasa wanda zan kira. Tsohuwar da ta rage a ƙauye da ta san aikin, mun binne ta da bazara. Eusebio ya miƙe a kujera ya fara minshari, Prado ta tafi ba kaji hatsi. Ina tsaye ina share ganyen fure sai na ji ƙofar kicin ta yi ƙara.

"Nieves. Zo ki riƙe mini fitila."

Babu wata fitila da ake buƙata, hasken yamma na shigowa ta taga. Na shiga, ta ja ƙofar. Kaskon garwashi na ƙasa, an lulluɓe wutar da toka, rariyar siliki na bisa, zaren a baje ja wur. Ta zauna a 'yar kujerarta, ta kara fuska kusa da rariyar, ta ja numfashi, ta sake ja. Sannan ta ɗago, ba ta dube ni ba.

"Me kike ji?"

"Za'afaran."

"Sakarya, to da kifi za ki ji? Wane iri?"

Muryarta ce ta karya ni. Ban taɓa jin Mama ta tambayi kowa komai a kan za'afaran ba. Na durƙusa kusa da ita.

Ta ce, "Saurara. Da fari ɗanyar ciyawa yake yi. Daga nan ya koma zuma. Bayan zuma akwai wani ɗan lokaci, bai kai a karanta addu'a ɗaya ba, da yake yi kamar ɓawon burodi a bakin tanda. Nan ake saukewa. In kin yi gaggawa, zai yi fumfuna a akwati. In kin makara…" Ba ta ƙarasa ba.

Na shaƙa. Allah ya sani na shaƙa har kaina ya sara. Ciyawar na nan, zumar na nan, hayaƙin gawayi, tafarnuwar da ke rataye, duk sun cakuɗe mini. Tun asuba hannuna da rigata da gashina ƙamshin furen suke, ina zan bambance?

Ta kifa zaren a wata rariyar don ta juya shi, ta mayar kan wuta.

"Yanzu fa?"

"Zuma… ina jin zuma ce."

"Kina ji ko kina tsammani?"

"Ban sani ba, Mama."

"Sake shaƙa."

"Na ce ban sani ba! Shekara arba'in kina rufe mini ƙofa, yau kuma kike so in sani?"

Nan take na ji kunyar bakina. Muka zauna mu biyu a kan rariya ɗaya, ita ta san abin da ake nema ba ta ji, ni ina ji ban san shi ba. Na miƙa hannu zan sauke, na tuna fumfuna, na janye. Na sake miƙawa.

"Burodin ya zo?" ta tambaya a hankali.

"Tukuna… ko kuwa…"

Sai ga wani wari da ba sai an koya mini shi ba. Warin madarar watan Agusta.

Na fizge rariyar har na ƙona yatsa. Zaren ya rine, ya koma launin ɓawon goro da ya daɗe. Mama ta laluba ta ɗebi kaɗan, ta murza tsakanin yatsa biyu, ya zube kamar toka. Ta daɗe tana murza yatsun bayan babu komai a cikinsu. Ni ce na yi kukan, ita ba ta yi ba.

Ranar ziyara muka kai furanni kabarin Baba, muka dawo aka dafa shinkafa da zomo kamar kowace shekara. Mama ta barbaɗa sabon za'afaran da hannunta, don ba a taɓa dafa ta da na bara ba. Shinkafar ta fito ruwan ƙasa, ga ɗaci. Eusebio ya kai cokali ɗaya, ya dube ni, na harare shi, ya haɗiye ya ce ta yi daɗi. Prado har ƙari ta nema, Allah ya saka mata.

Da aka watse ina wanke kwanuka, Mama ta shigo riƙe da rariyar, ta naɗe ta a farin ƙyalle. Ba ta rataye ta a ƙusarta ba, ta ɗora mini a kan teburin kicin kusa da hannuna.

"Laifina ne," ta ce. "Baɗi ki shigo tun ranar farko, da ɗan kaɗan za mu fara. Kafin gona ta yafa mayafi kin iya."

Ta taga ina hango turakun mai zaitun, sun jeru har tsakiyar gonar.

Na ce, "To, Mama."