Jaket ɗin Munzir

Duk wanda ya ce maka Masar ƙasar zafi ce, tambaye shi ko ya taɓa wayar gari a unguwar Ainu Shams ta Alƙahira cikin watan Janairu. Sanyin nan ba ya sallama, ta ƙarƙashin ƙofa yake shigowa ya wuce fata ya nemi ƙashi. A irin wannan safiya ta Juma'a ce Awadiyya ta tsaya a baranda tana kwashe kayan ƙaninta Munzir daga igiyar shanya, bayan an gama sadakar arba'in ɗinsa.

Mahaifiyarsu, wadda suke kira Yumma, ta riga ta yanke magana. Kayan mamaci ba a kulle su a akwati, a wanke a bayar kafin a sauko daga masallaci, ladan ya isa gare shi. A kan riguna da wanduna Awadiyya ba ta ja da ita ba. Jaket ɗin ne ta kasa. Baƙi ne na fata, gwanjo, wanda Munzir ya saya a sanyinsu na farko a Alƙahira, kuma da shi yake tuƙa tuktuk, Keke Napep ɗin can, har ciwon zuciya ya kayar da shi. Wuyan jaket ɗin bai saki ƙanshin turarensa ba. Ta ƙi bari ruwa ya taɓa shi, ta dai rataya shi wai ya sha iska, alhali a ranta ta gama shirya inda za ta ɓoye shi.

Tana rataya shi igiyar ta lanƙwashe har ta kusa taɓa rumfar mai sayar da ful, dafaffen wakensu, da ke ƙasa. Sai Awadiyya ta ji dariya ta kuɓuce mata, dariyar farko tun ranar jana'iza.

Abin da ya ba ta dariya tsohon zance ne. Suna yara a Wad Madani, cikin Hausawan Sudan, kafin yaƙi ya watsa kowa, akwai wani katun na Japan da ake sakawa a talabijin bayan la'asar, an juya shi zuwa Larabci. Labarin lahira ne irin ta tatsuniyoyin mutanen can, amma an mai da shi abin raha. Matattu kan iso bakin wani kogi, su tarar da wata tsohuwa mai haƙori ɗaya da ciwon baya. Aikinta ta tuɓe musu riga ta rataya a reshe, iya lanƙwasar reshen iya nauyin zunubi. Kullum cikin mita take, wai mutane ba su da tausayi, sai su bari sai lokacin sanyi su mutu da manyan riguna. A hayin kogin kuma akwai alƙali mai jar fuska da madubin da ke nuna ayyukan mutum, sai dai madubin yakan ɗauke kamar tsohuwar talabijin, sai wani aljani mai ƙaho ya ɗaka masa duka kafin hoto ya dawo.

Yara kuwa ba sa ganin abu su bar shi a inda suka gan shi. Da an gama sai su ruga gindin dalbejiyar tsakar gida, kowa ya rataya rigarsa a ga wa ya fi zunubi. Awadiyya ce tsohuwar, don ita ce babba. Kullum reshenta ne ke lanƙwashewa, ta yi ta kuka tana tuba, sai daga baya ta gano Munzir jiƙa mata riga yake yi a randa. Wata rana kakarsu ta kama su, ta bi su da muciya tana cewa a gidanta ba za a yi hisabin arna ba. Amma washegari da aka kunna, ita ce ta jawo kujera ta zauna, wai tana gadin imaninsu ne.

Watannin baya Munzir ya tono katun ɗin a intanet ya turo mata, ya ce ga tsohuwarta nan. Ba ta buɗe ba, aikin gidajen mutane a unguwar Zamalek bai bar mata sarari ba, ta ce sai sun zauna tare. Yanzu ta zauna a bakin ƙofar baranda ta kunna shi a wayarta. Kiɗan farko kawai ta ji, ƙamshin ƙasar tsakar gidansu da aka yayyafa wa ruwa ya dawo mata. Kewa ta kama ta, ta gidan, ta kakar, ta yaron nan mai wayo da ya tafi ya bar ta. Ta ji a ranta ba za ta zama tsohuwar da za ta tuɓe masa rigarsa ta ƙarshe ba.

Sai aka yi sallama.

Abdulbasit ne, ɗalibi daga Gusau da ya zo karatun shari'a bana. Yumma ce ta tsinto shi a kantin magani yana tari yana Hausa a waya, ta ce lallai ya zo Juma'a. Kuskuren da ya yi shi ne wanda 'yan Arewa ke yi duk shekara ba sa daddara. An ce masa Masar sahara ce, ya cika akwati da shadda da yadi mara nauyi, ko rigar sanyi ɗaya bai saka ba. Ga shi nan tsaye da kaftani uku, ɗaya kan ɗaya, kowanne da launinsa yana leƙowa ta wuya, ga safa cikin silifa.

"Shigo, ɗana, yalla shigo," in ji Yumma. Ta tura masa ƙullin kayan, sannan ta ɗaga murya. "Awadiyya, kawo jaket ɗin."

"Bai bushe ba, Yumma."

"Abin da ba a wanke ba ne bai bushe ba?"

Abdulbasit ya sunkuyar da kai. "Ma'alish, ba komai, Inna, waɗannan ma sun isa. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa." Yana faɗa haƙoransa na haɗuwa.

Wayar tana nan a kan tabarma ba a kashe ba. Idonsa ya faɗa kanta daidai lokacin da tsohuwar ke kokawa da wani ƙaton ɗan kasuwa da ya ƙi sakin rigarsa.

"A'uzu billahi! Yaya, wannan kuma wace irin lahira ce?"

Awadiyya ta yi masa bayani a gajarce, tana jiran wa'azi, don ta san halin ɗaliban shari'a. Shi kuwa ya ƙura ido. Da tsohuwar ta fizge rigar ta faɗi da baya cikin kogi, sai ya tuntsire da dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya durƙusar da shi har Yumma ta miƙa masa ruwa.

Da ya samu numfashi ya ce, "Astagfirullah. To amma Yaya, in ta gama aunawa, ina take kai kayan?"

Duk shekarun nan Awadiyya ba ta taɓa tambaya ba, katun ɗin ma bai taɓa nunawa ba. Mai riga yakan haye kogi ya wuce abinsa, ba ya waiwaye. Rigar ce ake bari a reshe, ba ta ɗumama kowa. Ta dubi baranda inda jaket ɗin ke lilo shi kaɗai, ta dubi yatsun Abdulbasit da suka yi fari a jikin kofi.

Ta tashi ta ɗauko jaket ɗin. Kafin ta shigo ta tsaya ta kifa fuskarta a wuyansa, ta daɗe a haka, sannan ta shigo ta miƙa wa Abdulbasit ya saka.

Ya yi masa yawa a kafaɗa, hannuwan sun rufe masa yatsu. Ya kama zif yana ja, ya ƙi tafiya.

"Ba haka ba," in ji Awadiyya. "Sai ka fara jan shi ƙasa kaɗan, sannan sama. Haka yake yi tun ranar da aka saye shi."

Ya sake gwadawa ya kasa. Ta matso ta kama bakin zif ɗin da yatsu biyu, ta ja shi ƙasa, ta zuge shi har wuya, hawaye na zuba tana barinsu.

"Khalas, shi ke nan," ta ce. "Yi sauri, kada ka rasa huɗuba."