Akwatin da Garma Ta Tono

Ido ne guda ɗaya, ba fuska, ba gira, zaune cikin wani zane mai kusurwa uku. Da Yahya ya ɗaga gilashin ya saita shi da rana, sai idon ya yi jawur. Matan da ke leƙe ta kan danga suka ja da baya suna salati.

"Kun gani ko?" in ji shi. "To, ga wani."

Wannan ƙoƙon kan mutum ne a kan akwatin gawa. Na bayansa kuma tsani ne da ya shige cikin gajimare. Kowane gilashi bai fi tafin hannu ba, an kewaye gefensa da katako.

Da hantsi garmar Yahya ta tono akwatin ƙarfen da suke ciki, kafin azahar kuwa ya dire shi a ƙofar gidan Mai unguwa Abdulhadi. Buƙatarsa ɗaya ce: a raba Falta da gonar da ke manne da tasa, ta tattara ta bi 'ya'yanta Bacirawa. Falta tsohuwa ce, mijinta Umara ya daɗe da rasuwa. Kakanninsu sun zo daga Barno tun kafin a haifi duk wanda ke zaune a wurin, amma mutanen ƙauyen nan ba sa tuna haka sai ranar rigima.

"Asiri ta binne mini, ranka ya daɗe," in ji Yahya. "Shi ya sa gerona ke ƙonewa, nata na yin kore. Baƙi dai ba su da amana."

Wani daga baya ya ce a kore ta yau. Ba wanda ya tsawata masa.

Falta tana zaune a gefen tabarma, ta ɗora haɓa a kan sandarta. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ba don korar kaɗai ba. Wannan mutumin da ke nuna ta da yatsa, ita ta yi masa wankan jariri.

"A ina ka tono shi, ɗan nan?" ta tambaya.

"A gonata!"

"A bakin iyaka?"

"Wace iyaka? Can ciki! Ramin na nan, kowa ya je ya gani. Sai kin yi tafiya daga gonarki kafin ki kai shi."

"Mai unguwa, ka ji da kunnenka?"

"Na ji, Inna," in ji Abdulhadi.

Ta miƙa hannu, ta bi gilasan ɗaya bayan ɗaya har ta zaro na ƙarshe. Ta ba Malam Iliyasu liman, wanda shi kaɗai ne sa'anta a wurin.

"Malam, idonka da sauransa. Duba mana."

Liman ya ɗaga. Wannan ba zane ba ne, hoto ne. Turawa a jere, kowanne da ɗan farin ƙyalle ɗaure a ƙugu. A gefensu wani saurayi baƙi, dogo, ya dafa wata na'ura mai dogon hanci. Liman ya daɗe yana kallo, sannan ya dubi Yahya, ya sake duban gilashin.

"Dabo ne," ya ce a hankali.

Dabo shi ne mahaifin Yahya, ya rasu Yahya na rarrafe.

"Ubanka ya yi wa wata ƙungiyar Turawa aiki a birni," in ji Falta. "Masu rufe ƙofa in za su yi taro. Shi ke kunna musu majigi, ya zura gilasan nan, hoto ya fito a bango, su koya wa sababbin shiga al'adunsu. Da suka watse aka bar masa kayan. Ya ji tsoron bakin mutane, irin wannan bakin da nake ji yau. Ya rasa wanda zai rufa masa asiri sai baƙon nan, Umara. Ina amarya, na kai musu fura gona, na same su suna haƙa. Dabo ya ce a binne shi a kan iyaka daidai, inda garmar kowa ba ta bi."

Ta juya ta dubi Yahya sosai.

"Garmarka ta bi. Duk damina sai ta lashi gonata kaɗan, ina kallo, ina yin shiru saboda ubanka."

Wanda ya ce a kore ta ɗazu ya sunkuya yana gyara takalmi.

"Ƙarya ne!" Yahya ya daka tsawa. "Ubana bai taɓa shiga cikin matsafa ba!"

Ya fizge gilashin daga hannun liman, bai ko kalle shi ba, ya maka shi da dutsen da ake ɗaure jaki. Ƙarar ba ta da yawa. Ya bi da diddige ya murƙushe, yana huci.

Abdulhadi ya miƙe, ya kaɗe rigarsa.

"Kai da bakinka ka ce ramin na nan. Bayan la'asar za mu je mu dasa gamba a kansa, nan ce iyaka."

Mutane suka fara watsewa, ba mai kallon wani. Falta ta dogara sanda ta tashi da ƙyar. Da ta zo daidai Yahya sai ta tsaya, ta dubi garin gilashin da ke ƙyalli a ƙasa.

"Tun kana yaro kake tambayata kamannin ubanka," ta ce. "Wannan ne kaɗai hotonsa a duniya."

Ta wuce. Yahya ya tsaya inda yake, har yanzu ƙafarsa na kan wurin.