Ranar da Aka Fasa wa Oga Sanyi Baki

A shirin talabijin ɗin da ake nunawa duk mako, shi ne Oga Sanyi, dillalin ƙwaya mai farar riga, wanda ba ya ɗaga murya ko da zai sa a datse wa mutum yatsa. A gida kuwa ɗan wasa ne kawai, mai fama da gyambon ciki, wanda matarsa ke aikensa ya cika tukunyar gas. Sai dai sunan ya bi shi har ya danne nasa na yanka.

Wata rana da tsakar rana motarsa ta fara hayaƙi a hanya, ya gangara da ita wani garejin da bai taɓa shiga ba. Ƙasa duk baƙin mai, tsofaffin tayoyi jibge a jikin bango. Makanikai na ganinsa suka watsar da aiki.

"Oga Sanyi! Wallahi shi ne!"

Wani ya kama kwaikwayon tafiyarsa ta cikin shirin, aka kwashe da dariya. Mai garejin ne kaɗai bai dara ba. Ƙato ne mai furfura a gemu. Ya fito daga ƙarƙashin wata babbar mota da sifana a hannu, ya tsaya yana kallon baƙon.

"Kai ne mai cewa ƙwaya ba ta kashe mai wayo?"

"A wasa ne, maigida. Rubuta mini ake yi."

"Ɗana ya haddace maganar nan. Da ita ya amsa mini ranar da na kama shi da kwalbar kodin."

Ɗan wasan ya rage murmushi. "Allah Ya shirye shi. Yana ina yanzu?"

"Yana maƙabarta."

Bai ga tahowar sifanar ba. Ya dai ji ƙarar ƙarfe a cikin kansa, bakinsa ya cika da jini da gutsattsarin haƙora. Ya faɗa kan bonet mai zafi, ya sulale ƙasa. Mai gareji ya bi shi da takalmin aiki, a ciki, a haƙarƙari, a wuya. Wani bakanike ya riƙo mai garejin ta baya, shi kuwa ya yi jifa da bakaniken kan tulin ƙarafa. Na biyu ya tare da hannu, aka ji ƙashi ya ce ƙas. Sauran suka ja da baya suna salati.

Ɗan wasan ya yi rarrafe zai shige ƙarƙashin mota, aka jawo shi ta ƙafa, fuskarsa na gurzar ƙasa. Yana so ya ce yana da 'ya'ya mata biyu, bakin ya ƙi haɗuwa.

Ƙanwar mai garejin ce ta cece shi. Tana da shagon kayan gyara a bakin ƙofa. Ta shigo da gudu ba takalmi, ta kife a kansa.

"Yaya, sai dai ka haɗa da ni!"

Hannun ya riga ya sauko. Sifanar ta same ta a kafaɗa, ta ƙwalla ƙara amma ba ta tashi ba. Sai a nan mai gareji ya saki ƙarfen. Ya zauna a kan taya yana huci, yana kallon hannunsa.

A bayan a-kori-kura aka kwashe su zuwa asibiti, shi da ita da mai karyayyen hannu. Ta cire mayafinta ta danne masa baki da hannunta mai lafiya.

"Kada ka yi barci, bawan Allah, ka ji ni? Ni ina kallon shirinku. Ka tuna inda uwar nan ta buɗe tankin ban-ɗaki ta ga kwalabe? Ana gamawa na tashi na buɗe namu. Suna ciki. Nawa ɗan yanzu yana wajen masu magani, har ya fara ƙiba. Tare suke sha da ɗan Yaya. Na ce Yaya je ka duba naku, ya ce shi ba ya kallon shirme."

Motar ta faɗa rami, dukansu suka yi nishi.

"Amma ku ma da naku," ta ce. "Kun sa ka yi kyau da yawa. Mutum yana kashe 'ya'yan mutane, rigarsa ko tabo babu. Wane saurayi ne ba zai so ya zama kai ba?"

An ɗaure wa ɗan wasan muƙamuƙi da waya, ya daɗe sai ruwa-ruwa yake sha ta tsinke. 'Yan sanda suka tafi da mai gareji. Da darakta ya zo dubiya, ya ƙura wa ɗinkin fuskar ido, ya kasa ɓoye murnarsa. Ya ce za a saka tabon a labari, Oga Sanyi ya mutu a tsaye, yana musayar wuta da jami'ai.

Ɗan wasan ya yi magana ta tsakanin haƙora, da ƙyar ake ji. "Ba zan yi ba. Sai dai ya ɗanɗani hajarsa."

"Mutane sonsa suke yi!"

"Shi ya sa."

Suka yi ta ja har darakta ya haƙura, don ba wanda zai maye gurbinsa. A kashin ƙarshe aka ga Oga Sanyi yana amai a jikinsa, yana sace fankar uwarsa ya sayar, yaransa na taka shi a bayan shago suna dariya. Ya mutu a kan siminti, ƙudaje na bin bakinsa.

Masu kallo da yawa suka yi fushi, aka yi ta zagin ɗan wasan a waya, wasu suka ce an lalata shiri mai kyau. Kotu ta ɗaure mai gareji, ƙanwarsa ta riƙe garejin, kafaɗarta ba ta sake ɗaguwa sosai ba. Ɗan wasan bai je kotu ba, bai kuma ce ya yafe ba. Aikin da ya samu bayan nan na tallan maganin sauro ne, shi ma sai da aka sa wani ya ɗora masa murya, saboda harafin "s" ya daina fita daidai a bakinsa.