Wasiƙun da Ba Su Kai ga Yesenia Ba

Wata bakwai ke nan Marisela Ocampo tana gidan gyaran halin 'yan mata a wani ƙauyen jihar Ohio ta Amurka, tun ranar da aka kama ta cikin motar da saurayinta ya sato. Shekarunta goma sha shida. A gidan nan ko banɗaki za ki sai an buɗe miki ƙofa, an tsaya a bakinta ana jiranki.

Duk Talata Malama Lorna ke zuwa koya musu rubutu, dattijuwa ce mai fama da gwiwa. Wata rana ta zo da wani littafi da ya sha hannu. Wasiƙu ne zalla, na wata mata da aka killace a asibitin masu tarin fuka, tana rubuta wa ƙanenta. Ta karanta musu guda uku, sannan ta raba guntayen fensira.

"Kowace ta zaɓi mutum ɗaya ta rubuta masa."

"Malama, ni alƙali zan rubuta wa," in ji Tameka, sarkin tsiyar ajin. "In tambaye shi ko yana samun barci."

Aka kwashe da dariya, ban da Marisela. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne matar littafin ba ta tsaya kukan ciwonta ba, labarin miyar asibiti take bayarwa, da na maƙwabciyarta mai minshari. Ashe haka ma ana rubutu. Ta sunkuya ta cika shafi huɗu zuwa ga ƙanwarta Yesenia, 'yar shekara tara, wadda hukuma ta ba wasu mutane riƙonta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ta tuna mata da Churro, karen da suka taɓa ɓoyewa a ɗakin wanki don kada mai gidan haya ya gani.

Kwana uku wasiƙar ta dawo a buɗe. Sunan Yesenia ba ya cikin waɗanda aka yarda ta rubuta wa.

Malama Lorna ta ja ƙafa har ofishin jami'ar da ke riƙe da fayil ɗin Marisela. Aka ce sai alƙali ya sa hannu, a zaman Maris. Maris ya zo, aka ɗage zuwa Yuni.

"Malama, meye amfaninsa?" in ji Marisela. "Bango nake yi wa magana."

"Ban da amsar da zan ba ki, 'yata. Amma ki ci gaba, ni zan adana mata su."

Ta ci gaba, don ba ta da wani abin yi da yini. Doka ta hana ajiye fiye da takarda goma a ɗaki, saboda haka duk mako sai ta miƙa abin da ta rubuta ga mai gadi, Madam Hutchins, ta duba kafin ya shiga jakar Malama. Madam Hutchins mace ce da ba a taɓa ganin haƙoranta ba.

Wata Laraba da rana, bayan cin abinci, Madam Hutchins ta rako ta ɗaki. Ta tsaya riƙe da mukullai ba ta rufe ba.

"Ocampo. Karen nan naku, mai gidan ya gano shi daga baya?"

Marisela ta ɗago kai. "Ban kai wurin ba tukuna a wasiƙun."

"To, ki kai."

Ta ja ƙofar ta murɗa mukulli. Marisela ta zauna bakin gado, tana jin takunta har ya ɓace a ƙarshen baranda.